Zuwa aiki a keke cikin ruwa da sanyin kaka: da me zan fara?

Sabon Mahayi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar. A keke nake zuwa aiki, tafiyar kamar kilomita 10, rabi a titi mai fitilu, rabi a hanyar da itatuwa suka rufe, babu fitila ko ɗaya. Keken mai giya 8 ne a baya, birkinsa irin mai matse rim ne, a jikin tayar an rubuta 32-622, kuma ba shi da murfin taya.

Yanzu kaka ta kankama. Yayyafi kusan kullum, ganye ya fara zuba, da safe ga sanyi ga hazo, kafin a tashi aiki kuma duhu ya soma. Abu uku ke damuna. Birki ba ya kamawa da wuri in an yi ruwa, kuma yana ƙarar gogar yashi. Kaca tana yin baƙi ƙirin ta fara kuka jim kaɗan bayan na sa mata mai. Na uku, jiƙe nake isa, in ba ruwa ba to gumi. Ba zan iya sayen komai lokaci guda ba. Da me zan fara?

Mai Gyaran Keke

Wa alaikumus salam. Malam, matsalarka ta farko da ta biyu uwarsu ɗaya, ruwan titi. Wanda ke saukowa daga sama ba shi da wani datti, ya jiƙa keke ya bushe. Wanda taya ke kwasowa daga ƙasa shi ne mai yashi da ruɓaɓɓen ganye da ragowar man motoci. Tayar gaba tana fesa shi kai tsaye kan kaca da boris ɗin feda da takalmanka, ta baya kuma tana watsa shi kan birki da gadon bayanka. Saboda haka ni murfin taya zan ce ka fara saye, cikakke mai zagaye tayar, ba ɗan guntun nan da ake maƙalawa ƙarƙashin sirdi ba. Wannan wandonka kawai yake karewa.

Faɗin murfin ya fi na tayar da aƙalla milimita 8 zuwa 10. Tunda faɗin taka milimita 32 ne, wato lambar farko a 32-622, nemi mai 42 ko 45. Kafin ka saya leƙa kusa da inda wili ke ɗaure, gaba da baya, ka ga ko akwai ƙananan ramukan noti da za a ɗaure wayoyin murfin. In babu, akwai irin da ake ɗaurewa da madaurin roba a jikin firam, yana aiki, sai dai yana yawan gocewa. Wajen ɗaurawa ka bar tazarar aƙalla milimita 10 tsakanin taya da murfi, in wuri ya ba ka 15 ya fi, don jiƙaƙƙen ganye yana taruwa a ciki ya cushe. Na gaba kuma ka tabbata wayoyinsa suna shiga cikin ɗan maƙalin roba mai sakin kansa in an fizge shi. Dalili: idan kara ya shiga tsakanin taya da murfi, murfin yakan naɗe ya bi tayar har ya ƙulle ta, mahayi ya wuce ta saman kan keke. Da maƙalin, wayar ce za ta fita, wili ya ci gaba da juyawa. Ka ƙara masa leɓen roba a ƙasa ya sauko kamar santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa. Wannan leɓen shi ke tare feshin da ke zuwa kan kaca.

Baƙin da kake gani a kaca mai ne da ya haɗu da yashi da garin ƙarfe, kuma yana cin kacar kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Yawanci mai ne ya yi yawa. Wurin da ke buƙatar mai yana ciki, tsakanin fil da ɗan zoben kowace gaɓa. Na waje ba ya tsinana komai sai tara datti. Ka riƙe kacar da tsumma kana juya feda baya har tsumman ya daina ɗauko baƙi sosai. Goge ƙananan wili biyu na abin canza giya, nan datti ke daskarewa. Sai ka ɗiga mai digo ɗaya a kowane zobe, ta gefen da ke hawa haƙora, ka juya feda baya kamar sau 20, ka bar shi minti 10 ko ya kwana, sannan ka goge waje tas da busasshen tsumma. Man ya zama irin mai kauri da aka yi don damina. Mai ruwa-ruwan nan na rani, ruwa ɗaya ke wanke shi, shi ya sa kake jin kuka da wuri. WD-40 na asali, man feshin nan na gwangwani, yana korar ruwa yana sassauta tsatsa, amma ba ya daɗewa a kaca, kada ka dogara da shi.

Auna kacar ma. Daga fil zuwa fil rabin inci ne, wato milimita 12.7. Ɗora rula a tsakiyar fil ɗaya, fil na 24 bayansa ya kamata ya faɗo daidai inci 12, milimita 304.8. In ya zarce da milimita 2 da ɗoriya, a keke mai giya 8 lokacin canji ya yi. In ya kai 3, akwai yiwuwar haƙoran baya sun ci tare da ita, sabuwar kaca za ta riƙa tsalle a kansu in ka taka da ƙarfi, sai an canza duka biyun.

Birki kuma, ƙarar yashin da kake ji yashi ne da gaske. Ciro takalman birkin ka duba fuskarsu da haske, za ka ga ƙananan tsakuwa da ɓurɓushin alminiyam sun nutse cikin robar. Tsince su da bakin allura ko ƙusa, ka ɗan goga fuskar da samfefa har sheƙin ya tafi. Idan tsagin da ke jikin robar ya kusa shafewa, jefar da su ka sa sababbi, kuma ka nemi masu laushi da aka yi don ruwa. Wanke gefen rim da ruwan sabulu, da tsumman da bai taɓa shafar mai ba. Wajen mayarwa, gaban takalmin ya riga bayansa taɓa rim da kamar milimita 1, hakan na rage ƙugi. Ka shafa yatsa a gefen rim ɗin kuma. In ka ji ya yi kwarmi, ko layin da masana'anta suka tsaga a jiki ya ɓace, rim ya ƙare, kuma irin wannan yakan tsage ne lokaci guda saboda matsin iskar taya.

Mai Sammako

Malam makaniki ya yi bayani mai kyau, amma a kan abin da za a fara saye na saɓa masa. Kaca in ta lalace kuɗi ne. Direba in bai gan ka ba, maganar ta wuce kuɗi. Mutumin da rabin hanyarsa ba fitila, fitila ce farko, murfin taya ya biyo baya.

Ɗan'uwa, hanyarka iri biyu ce, buƙatarta ma biyu. A titi mai fitilu so kake a gan ka, lumen (ma'aunin ƙarfin hasken fitila) 200 zuwa 300 a gaba ya wadatar. A cikin itatuwan nan kai ne kake son ganin ƙasa, rami da reshe da tarin ganye, nan kana buƙatar 600 zuwa 800. Sayi wadda za ka iya ragewa da ƙarawa, kuma ka duba awa nawa take yi a matakin da za ka yi amfani da shi, don adadin awoyin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali galibi na mataki mafi rauni ne. Ta baya ja, lumen 20 zuwa 50 ya isa da dare. Biyu sun fi ɗaya, saboda ta baya in ta mutu ba za ka sani ba. A duba alamar IPX4 ko sama da haka, ita ke nuna tana jure feshin ruwa, kuma a tabbata robar da ke toshe ramin caji ta zauna daram.

Saita ta gaba yana da muhimmanci kamar ƙarfinta. Tsaya mita 5 daga bango ka kunna. Saman hasken mai ƙarfi ya faɗi ƙasa da tsayin fitilar kanta. In ya haura, kana kashe wa mai tahowa ido ne, kuma hasken da ya kamata ya sauka kan titi yana tafiya sama a banza. Akwai fitilun da aka ƙera haskensu yankakke daga sama irin na mota, bisa ƙa'idar da dokar hanya ta Jamus ta shimfiɗa, waɗannan sun fi dacewa da titi. A cikin hazo kuwa ƙara haske ba ya ƙara gani, ɗigon ruwan da ke cikin iska yana dawo maka da shi ido. Rage shi, ka sunkuyar da fitilar, ta kan hular kwano kuma kashe ta gaba ɗaya.

Mai walƙiya tana jan ido da rana da lokacin magariba. Cikin duhu sosai tana hana direba gane nisanka, don haka ɗaya ta tsaya a kunne, ɗayar ta yi walƙiya in dokar inda kake ta yarda, domin akwai ƙasashen da suka hana. Batirin litiyam yana saurin sauka a sanyi, kuma ba a yi masa caji in ma'auni ya sauka ƙasa da sifili, a shigo da shi ɗaki ya ɗan yi ɗumi tukuna. Wanda ya gaji da caji, dinamon cikin cibiyar wilin gaba mai volt 6 da wat 3 shi ne maganin, amma wannan sai an sake ɗinka wili, ba na yanzu ba ne.

Riga mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli da rana take aiki, don hasken rana ne ke sa ta ƙyallin. Da dare ba ta fi kowace riga ba. Abin da ke aiki da dare shi ne ƙyallen nan mai launin azurfa da ke mayar da hasken fitilar mota, kuma inda ya fi amfani idon sawu ne da feda, saboda hawa da saukar ƙafa nan take ke gaya wa direba cewa mai keke ne.

Abu biyu da ake mantawa. Wajen 22 ko 23 ga Satumba rana tana fitowa daidai gabas ta faɗi daidai yamma, kuma makonnin da ke kewaye da nan tana yin ƙasa-ƙasa daidai lokacin tafiya aiki da dawowa. In kana fuskantarta har kana runtse ido, to direban da ke bayanka ma haka, ga gilashinsa jiƙe. In kuwa inuwarka ta miƙe doguwa a gabanka, mai tahowa da mai shirin shigowa daga kwana su ne ba sa ganinka. Na biyu, inda ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a Birtaniya da Tarayyar Turai, Lahadin farko ta Nuwamba a mafi yawan Amurka, dawowar da aka saba yi da sauran haske dare ɗaya take komawa cikin duhu. Fitila ta kasance a ɗaure kafin ranar.

Sabon Mahayi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fitila da takalmin birki zan fara, murfi wata mai zuwa. Iskar taya fa? Wani ya ce in rage, wani ya ce in cika ta tam don kada a yi faci. Kuma zan iya wanke keken da injin feshin wankin mota?

Tsohon Mahayi

Rage za ka yi, amma da awo. Taya mai tauri tana tsalle a kan ƙananan tsakuwa, kuma ɗan wurin da take taɓa ƙasa yana ƙanƙancewa. Ga taya 32 da mahayi mai nauyin kilo 70 zuwa 80, wajen bar (ma'aunin matsin iska) 4 zuwa 4.5 a tayar baya ya isa, gaba kuma ƙasa da haka da kamar 0.3, don nauyi ya fi yawa a baya. Bar 1 kusan psi 14.5 ne, in famfonka da shi yake awo. Ranar ruwa sauke kamar rabin bar. Kada dai ka sauka ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta a gefen tayar. In ka yi faci ka ga huda biyu a jere a tiyub, iska ce ta yi kaɗan har rim ya datse shi a bakin rami, sai ka ƙara. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, nemi famfo mai geji, ka duba duk mako. Sanyi ma yana rage ta: in zafi ya sauka da digiri 10, taya mai bar 4 takan rasa kusan 0.2.

Faci yana yawa a wannan lokaci, kuma ba ƙarin iska ke hana shi ba. Ruwa yana kwaso kwalba da ƙaya zuwa gefen titi, yana manna su a jikin taya, yana kuma sa su shige roba cikin sauƙi. Mafi yawansu ba nan take suke hudawa ba, sai sun yi ta nutsewa. Juya tayar a hankali sau ɗaya a mako ka ciccire abin da ya maƙale. In ka cire tiyub, kada ka sa wani sai ka gano abin da ya huda, ka bi cikin tayar da tsumma, zai kama a wurin. Sholisho kuma a bar shi ya bushe kamar minti 5 kafin a manna faci, a sanyi da laima ma ya fi haka. Shi ya sa a bakin hanya tiyub na ajiya ake sawa, facin a yi shi a gida.

Amma duk wannan bai kai yadda ake tuƙin ba. Zanen taya ba ya kama jiƙaƙƙen ganye, ko wace iri ce. Ganyen da motoci suka niƙa ya koma laka ya fi sabo santsi, kuma tarinsa yana ɓoye rami da bakin kwalbati. Sauran wuraren santsi: murfin ƙarfe na magudana, farin fentin titi, gadar katako, layin dogo, da tabon man dizal mai launi-launi a shataletale. Ruwan farko bayan kwanaki ba ruwa ya fi kowanne haɗari, don shi ke taso da man da ya kwanta a kwalta. Dokar duka ɗaya ce: a kansu ba birki, ba karya kwana, ba taka feda da ƙarfi. Ka rage gudu tun kana kan kwalta mai kyau, ka miƙe keken tsaye, ka saki birki, ka wuce. Layin dogo a gicciye ake tsallaka shi, kada kwanar ta gaza digiri 45, in ba haka ba tayar gaba ta faɗa cikin tsagin.

Birkin rim a ruwa sai wili ya juya sau ɗaya ko biyu yana share ruwan kafin ya kama. Don haka tun da nisa ka ɗan matsa shi kaɗan ya bushe rim ɗin, sannan ka matsa na gaske, kuma ka shirya, don in ya bushe kamun farat ɗaya yake zuwa. Tayar baya in ta zame ana iya tarowa, ta gaba in ta zame sai ƙasa, saboda haka a wuri mai santsi sassauta hannu a na gaba. Kada ka manne da bakin titi inda ganye da ruwa ke taruwa, bar kamar mita 1. Kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba, kewaye shi. In hasashen yanayi ya ce digiri 3 ko ƙasa da haka da asuba, ɗauka cewa raɓa ta daskare a kan gadoji da wuraren inuwa, don fuskar titi takan fi iska sanyi.

'Yar Keke

Ba wanda ya taɓa maganar jiƙewar, bari in sa baki. Ɗan'uwa, in kana jin ɗumi tun a ƙofar gida, kayan sun yi yawa. Fita kana ɗan jin sanyi, cikin minti 10 jiki zai ɗauka. Ta ciki kada ta zama auduga, tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya a danja sanyi ya kama ka. Ulu marar kauri ko yadin roba irin na 'yan wasa ya fi. A sama riga mai tare iska, mai zif har ƙasa, ka buɗe a hawa ka rufe a gangara. Rigar ruwa ta zauna a jaka sai ana ruwan gaske, domin ko mai tsada ce ba ta fitar da gumi da saurin da mai taka keke ke yin sa. In za ka saya, nemi mai doguwar baya, mai zif a hammata, wadda aka liƙe ɗinkinta ta ciki. A yayyafi mai tare iskar ta isa.

Hannu da ƙafa da kunne su ke fara jin jiki, don ba sa motsi kuma iska na dukansu. Ƙasa da digiri 15 rufe gwiwa, ƙasa da 10 sa safar hannu mai yatsu, amma ba mai kaurin da zai hana ka jin birki ba. Hula mai baki irin hana-salla a ƙarƙashin hular kwano tana tare ruwa daga ido da tabarau. Jakar goyo ita ke jiƙa baya da gumi, in akwai kariya ɗora kayan a kai, kayan canji a cikin leda ko da an ce jakar ba ta shan ruwa. Ajiye busasshiyar safa da takalmi a wurin aiki. Wanda ya jiƙe, zare shimfiɗar cikinsa, cusa masa jarida, canza ta bayan awa biyu. Kada a ɗora shi kan hita, gam ɗinsa sakewa yake.

Mai Gyaran Keke

Na yarda da Malam Mai Sammako, fitila ta riga. Batun injin feshi kuwa, a'a. Ƙarfin ruwan yana ratsa robar da ke kare boris na wili da na feda da na wuyan keke, ya kore giris ya zauna a ciki, bayan 'yan makonni ka ji gurnani. Bokiti da soso da ruwan sabulu sun isa, ka fara daga sama, kaca da haƙora a ƙarshe da burushinsu daban. Ranar da ka dawo cikin ruwa ba sai ka yi wanki ba: goge kaca da tsumma ɗaya, gefen rim da takalman birki da wani, minti biyu ke nan. In ka ga hannun birki yana jinkirin komawa bayan ka saki, ruwa ya shiga bututun wayar ya fara tsatsa. Zare wayar ka duba, in ta yi ja ko silinta ya fara warwarewa canza ta tare da bututun, ka nemi wadda ba ta tsatsa. Kuma sau ɗaya a kakar nan zare sandar sirdi, ka kifa keken ruwan da ya taru a firam ya zube, ka shafa wa sandar giris kaɗan kafin ka mayar. In ta alminiyam ce a firam na ƙarfe aka bar ta haka har bazara, kamewa take yi, fitar da ita kuma sai an sha wuya.